Harafi ɗaya kawai na je gyarawa

Ni dai akwai wata cuta da nake fama da ita, ba na iya ganin kuskuren rubutu in wuce. Ko a saƙon waya ne ko a takardar da aka miƙo min in sa hannu, idona ba ya fara ganin abin da ake nufi sai ya fara cin karo da harafin da ya zauna a inda ba wurinsa ba, mutane da yawa sun daina turo min dogon saƙo saboda haka kuma ban ga laifinsu ba, amma fa ni ma ban ga nawa ba. To sai Allah ya haɗa ni da aikin netwok, kullum ina gaban baƙin allon nan na taminal, ping nan traceroute can, umarnin gwada ko hanya tana tafiya tsakanin kwamfutoci, in abu ya shige min duhu in buga man da sunan umarnin in karanta bayaninsa. Ga wanda bai sani ba, man ɗin nan shi ne littafin bayanin umarni da yake zaune a cikin kwamfutar kanta ba sai da intanet ba, tun 1971 ake rubuta irinsa a Unix kuma har yau fasalinsa bai wani canza ba, suna, yadda ake kiran umarnin, bayani, zaɓuɓɓuka, can ƙasa kuma wani lokacin ka tarar da sashe guda mai suna BUGS inda masu manhajar suke faɗin aibinta da bakinsu. Mutanen kirki wallahi.

Akwai wata 'yar ƙaramar manhaja da muke amfani da ita a wurin aiki, ba zan faɗi sunanta ba don har yanzu ina so su ci gaba da amsa min imel. Aikinta kusan irin na ping ne amma ta hanyar HTTP, yaren da burauza take magana da shafukan intanet da shi, ta ƙwanƙwasa wa saba ƙofa, wato kwamfutar da take riƙe da shafin, ta jira, ta gaya maka ko an amsa da tsawon lokacin da aka ɗauka. Rannan ina neman yadda ake ƙara mata lokacin jira sai idona ya sauka a kan wata kalma, recieved. An sa i gaban e. Na rufe bayanin na sake buɗewa, tana nan daram. Abin da ya kawo ni ma na manta shi gaba ɗaya.

Na juya wajen ogana da muke zama tebur kusa da tebur, dattijo ne a harkar, tun ana yayin ifconfig da netstat yake aikin nan kuma har yau in ka ce masa yanzu ip da ss ake amfani da su kallonka kawai yake yi. Na ce Oga zo ka ga abin kunya. Ya leƙo ya ce manhajar tana aiki? Na ce tana yi. Ya ce ka gane abin da suke nufi? Na ce na gane. Ya ce to kai dai ka faye neman magana, garin neman gira ake rasa ido, ka bar musu kayansu. Ya koma kan aikinsa.

Ina, ai mai hali ba ya fasa halinsa. Manhajar ta kowa ce, kod ɗinta a buɗe yake, duk wanda ya ga gyara zai iya turawa. Na jawo ta da git, manhajar da take ajiye tarihin gyare-gyaren kod, na sa grep ya nemo min kalmar, na ga fayil ɗin bayanin, na juya haruffan nan biyu, na haɗa faci, wato ƙunshin gyaran, na tura da wani dogon bayani na ladabi wanda ya fi gyaran tsawo nesa ba kusa ba. Na kwanta ranar ina jin na yi wa al'umma hidima.

Amsa ta zo daga mai kula da manhajar, gajeriya, cikin mutunci. Wai ya gode, amma fayil ɗin da na gyara ba da hannu ake rubuta shi ba, inji ne yake fitar da shi daga wani fayil daban duk lokacin da aka gina manhajar, don haka gyarana zai goge da kansa a ginin farko. Ashe haka ake yi a wurare da dama, a rubuta bayanin da wani tsari mai sauƙin karatu kamar Markdown ko AsciiDoc ko DocBook, sai wata manhaja ta mayar da shi shafin man. Kuma wai an rubuta gargaɗin haka a layin farko na fayil ɗin. To ni grep kai tsaye ya kai ni tsakiya, wa ya aike ni layin farko.

Na nemo uwar fayil ɗin na gyara na sake turawa. Amsa ta sake zuwa, wannan karon ma da godiya a gaba, na fara lura mutumin nan in ya fara da godiya to akwai magana a baya. Ya ce wurin da na gyara ba bayani ba ne zalla, misali ne na abin da manhajar take bugawa a allo idan ta gama aiki, kuma ita manhajar da kanta recieved take bugawa. Wato wanda ya rubuta bayanin bai yi kuskure ba, gaskiya ya kwafo. Idan na gyara bayanin kaɗai to na mayar da shi maƙaryaci, ko dai a gyara duka biyun ko a bar duka biyun. Sai da na yi shiru na ɗan lokaci. Bawan Allah ya rubuta kuskure daidai, ni kuma na zo zan rubuta daidai bisa kuskure.

Na shiga cikin kod ɗin, na nemo layin da yake buga saƙon, na gyara shi ma. Aka karɓa. Jama'a aka karɓa! Sunana ya shiga tarihin manhajar, ga shi nan a git log ƙarƙashin sunayen mutanen da suka rubuta ainihin abin da yake magana da sabobi, ni kuma na juya i da e. Na nuna wa Oga, ya ce Allah ya sanya alheri, ko ɗago kai bai yi ba.

Daga nan ne kai ya kumbura.

Na ce tunda an buɗe min ƙofa bari in share gidan gaba ɗaya. Akwai wata manhaja codespell, ita ba ƙamus take dubawa ba, jerin kura-kuran da mutane suka saba yi ne da ita, ta bi fayil-fayil tana nuna maka. Na sake ta a kan bayanan, sai ga su suna fitowa, adress da d ɗaya, seperate, lenght, occured, kai har da paramter. Daɗi ya kama ni. Duk na gyara, waɗannan kam ba wanda zai yi min gardama a kansu ko a gaban wa. Matsalar injin duba rubutu a harkar netwok ita ce rabin kalmominmu dama ba kalmomi ba ne, gutsattsarin haruffa ne, src, dst, addr, ttl, mtu, sai ka bi a hankali kar ka je ka mayar da sunan wata yarjejeniya kalmar Turanci ta yau da kullum. Na bi a hankali kuwa, ni da na san aikina.

Sai na ci karo da referer.

Ko ɗan makaranta ya san referrer da r biyu ake rubuta ta a tsakiya. Amma ga ta nan da r ɗaya, a bayani, a sunan zaɓi, a cikin kod, a fayilolin gwaji, ko'ina. Na ce lallai mutumin nan ba kuskure ya yi ba, bai iya ba ne kwata-kwata, kuma Allah ya kawo masa mai taimako. Wa zai tsaya bi ɗaya bayan ɗaya, na ɗauko sed na ce duk inda ka ga referer a faɗin manhajar nan ka ƙara mata r. Cikin ƙiftawar ido ya gama. Ban tsaya gudanar da gwaji ba don gyaran rubutu ne ai, me ya haɗa shi da gwaji, kuma ko da na gudanar ma sed ya riga ya gyara fayilolin gwajin su ma, duk bakinsu ya zama ɗaya. Na haɗa da sauran gyare-gyaren a faci guda ƙato na tura, har na ɗan saka wata jimla mai nuna cewa ba komai, kowa yana kuskure.

Wannan karon godiyar ta yi tsawo, nan na san ta ɓaci.

Ya yi min bayani dalla-dalla kamar yana magana da yaro mai hazaƙa amma marar jin magana. Referer da r ɗaya sunan wani kan saƙo ne a HTTP, wanda burauza take aikawa don ta gaya wa saba daga ina aka biyo aka zo. Kuskuren rubutu ne, eh, kowa ya yarda, amma kuskuren ya shiga takardar ƙa'ida ta RFC 1945 tun 1996, kuma daga nan duk wata burauza da duk wata saba a duniya suka haddace shi a haka. In ka aika da r biyu ba wanda zai ce maka ka yi kuskure, sabar za ta share ka ne kawai kamar ba ka ce komai ba. Wato facin da na tura zai sa manhajar ta riƙa aika kan saƙon da ba kowa ya san shi ba, sannan duk wanda ya saba buga zaɓin da tsohon sunansa zai tarar babu shi. Ya ce in duba curl da wget, sanannun manhajojin jawo abu daga intanet, su ma --referer suke rubutawa da r ɗaya, da gangan.

Na je na duba don ban yarda ba. Haka ne. Har takardar da ta sabunta ƙa'idar a 2014, RFC 7231, ta rubuta kalmar a haka ta manna mata sic a gefe, wato mun gani, mun sani, ba za mu taɓa ba. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne daga baya da aka zo ƙirƙiro wani sabon kan saƙo mai iko da wancan, sai aka sa masa suna Referrer-Policy da r biyu, daidai. Yanzu kenan mai r biyu ne yake ba mai r ɗaya umarni, suna zaune a cikin HTTP ɗin nan guda, kuma dole ka tuna wane ne wane. Wannan wace irin rayuwa ce.

Na kai ƙara wajen Oga ina huci. Ya yi dariya har da tari, ya ce kai yaro ne, buɗe /etc ka gani. Fayil ɗin da kwamfuta take duba adireshin sabar DNS, mai mayar da sunan shafi zuwa adireshinsa, a ciki sunansa resolv.conf, babu e a ƙarshen resolv. Umarnin cire faifai umount ne ba unmount ba, n ɗin ta tafi yawo ba ta dawo ba. Kiran da ake yi wa tsarin Unix don ƙirƙirar fayil creat ne, kuma shi kansa Ken Thompson da aka tambaye shi abin da zai canza in da zai sake gina Unix cewa ya yi zai sa wa creat e ɗinta. Wanda ya gina abin ma bai iya gyarawa ba, in ji Oga, sai kai. A Windows kuma traceroute ya zama tracert saboda lokacin sunan fayil ba ya wuce haruffa takwas. Na ce to Oga wannan ai ba rubutu ba ne, ta'addanci ne. Ya ce je ka gyara mana, ga kibod nan.

Akwai wurin da na ga an yi adalci dai, a umarnin ip. Turawan Ingila suna rubuta neighbour, na Amurka suna rubuta neighbor, sai masu umarnin suka ce kowa ya buga nasa za a karɓa, mu kuma sauran talakawa muna buga ip neigh mu wuce abinmu. Da ma haka aka yi wa referer da ban shiga wannan halin ba.

To na cire maganar referer daga facin, na rarraba sauran kamar yadda ya nema, gyaran bayani daban, abin da ya taɓa kod daban. A nan ma sai da wani abu ya sake ɓullowa, don akwai wani tsohon shafi guda da shi kam da hannu aka rubuta shi da roff, harshen nan na asali na shafukan man. Bayan na gyara wata kalma sai na ga layin ya fi 'yan uwansa tsawo, ido ba zai ɗauka ba, na karya shi gida biyu don ya yi kyau. Ashe a roff duk layin da ya fara da ɗigo umarni ne ba rubutu ba, irin su .SH da .TP da .B, kuma in bai gane umarnin ba ba ya ihu, haɗiye layin yake yi ya yi gum. Ni kuma inda na karya, kalmar da ta faɗo farkon sabon layin ita ce .netrc, sunan fayil ɗin da ake ajiye sunan shiga da kalmar sirri. Jimlar tana gargaɗi ne cewa kar ka bar fayil ɗin a buɗe kowa ya iya karantawa. Da aka buɗe shafin sai ga rabin jimla tana lilo, gargaɗin ya tafi. Maganinsa wai ka sa \& a gaban ɗigon, wata alama da ba ta fitowa a allo, aikinta kawai ta tsaya a gaba don kar ɗigon ya zama na farko. Ka ji fa, harafin da ba a gani shi ne yake riƙe da jimla.

Ina cikin wannan sai ga saƙo daga wata baiwar Allah mai fassara manhajar zuwa wani harshe, ita ma da godiyarta. Ashe gyarana na farko, wancan da aka karɓa har na yi ta murna, ya taɓa su. A tsarin fassarar manhajoji na gettext jimlar Turancin ita ce makullin da ake nemo fassara da shi, in ka canza ko harafi ɗaya makullin ya daina shiga, sai a yi wa fassarar alamar fuzzy, manhajar kuma ta daina nuna ta ta koma Turanci har sai wani ya zo ya duba ya cire alamar. Kenan duk harshen da aka fassara saƙon nan sai da wani ya tashi ya bi bayana. Ta ce ba komai, sun saba, kawai dai in zan sake in riƙa sanar da su. Na ce in sha Allah. A raina na ce ai ni taimako na yi.

Aka kwana biyu, ƙura ta lafa, sabon fitowar manhajar ya iso kwamfutocinmu ta hanyar afdet, ni har na manta. Wani dare can tsakiyar barci waya ta hau ruri, na duba na ga saƙonnin gargaɗi sun cika allo, wai duk sabobinmu sun mutu. Duka. Lokaci ɗaya. Ban gama sa tabarau ba sai ga kiran Oga, muryarsa a dishe, ya ce kana gani? Na ce ina gani Oga. Ya ce na shiga sabobin ɗaya bayan ɗaya lafiyarsu ƙalau, suna amsawa, ping yana tafiya yana dawowa, amma sikirif ɗin sa ido, ɗan jerin umarnin nan da yake duba lafiyarsu, ya rantse sun mutu, kuma ya tura wa kowa saƙo har da manya na sama.

Sikirif ɗin nan shi ya rubuta shi da hannunsa shekaru da suka wuce, ba ya son kowa ya taɓa. Aikinsa ya kira 'yar manhajar nan, ya sa grep ya nemi layin da yake nuna an samu amsa, in ya gani lafiya, in bai gani ba ya tayar da jama'a. Ina jin ƙarar kibod ɗinsa ta waya, sai ya yi shiru, sai ya ce ikon Allah, sun canza saƙon. Da recieved suke bugawa, shi nake nema, yanzu sun koma received. Wane mara aikin yi ne ya zauna ya gyara wannan?

Na ce Oga ai mutane ba su da tsoron Allah.

Ya ce bari in gani, ai git blame ba ya ƙarya. Wannan umarnin kuwa aikinsa kenan, ya nuna maka kowane layi da sunan wanda ya taɓa shi na ƙarshe da ranar da ya taɓa. Na ce Oga dare ya yi, a bari sai da safe mana, ya ce a'a ai ga shi ma ya buɗe. Na ji ya ja numfashi. Ya karanto sunana cikakke, har da na mahaifina, a hankali, harafi bayan harafi, ba kuskure ko ɗaya.

Na ce to Oga in an bi ta gaskiya sikirif ɗinka ne yake da kuskuren rubutu, ni nawa daidai ne, kuma ma ai ba a so a dogara da rubutun da manhaja take bugawa, lambar fita ake dubawa, sifili in an yi nasara wani abu daban in an faɗi. Ya ce Malam. Bai taɓa ce min Malam ba sai ranar. Ya ce Malam ka kwanta, da safe ma yi magana.

Da safe na riga shi zuwa, na ce kafin ya iso bari in gyara masa sikirif ɗin a matsayin ban haƙuri. Na buɗe na tarar ya riga ya gyara tun cikin dare, kuma da yake wasu kwamfutocin ba su karɓi afdet ba har yanzu tsohuwar kalmar suke bugawa, sai ya sa grep ya karɓi duka biyun, mai ie da mai ei, gefe da gefe a layi ɗaya, ya rubuta sharhi a sama cewa kar wanda ya taɓa wannan layin, musamman mutum ɗaya. A cikin sharhin ya rubuta seperate. Na kai hannu zan gyara, editan ya ce min fayil ɗin na karatu ne kawai, ya cire min izinin rubutu.